Wayar taka ce, amma zaɓin na wa ne?

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta bakin titi a nan Unguwar Kanawa, bayan sallar isha'i, musu ya kaure tsakanin ƙanena da abokinsa. Wannan karon ba ƙwallo ce ta haɗa su ba, waya ce. Ƙanena ɗan Infinix ne, abokin nasa kuma ya rantse babu kamar Tecno. Wannan ya ce kyamarar wancan hazo ce, wancan ya ce batirin wannan ba ya kai la'asar. Can gefe akwai wani yaro da 'yar Itel ɗinsa, sai suka haɗe kai suna yi masa dariya, wai wayar tsofaffi ya riƙe.

Da abin ya ishe ni na ce musu, "Ku dakata. Kun san kuwa kuɗinku ku ukun aljihu ɗaya ya shiga?"

Ƙanena ya ce, "Haba Yaya, wane irin aljihu ɗaya?"

Tecno da Infinix da Itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. An kafa shi a 2006, kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Itel don mai ƙaramin ƙarfi, Tecno don matsakaici, Infinix don matashin da ke son a gan shi da abin yayi. Wato an zauna an karkasa mu tun kafin mu shiga shago, an ba kowa tutar da zai ɗaga, mu kuma muka fito muna faɗa a kan tutocin.

Ba ina cewa wannan laifi ba ne. Dabarar kasuwa ce, kuma ta yi aiki. Abin da ya dame ni shi ne yawancinmu ba mu san da ita ba, kuma ba a kan waya kaɗai ta tsaya ba. Ra'ayina a taƙaice: 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kusan duk ƙofofin da labari da waƙa da talla ke bi su iso idonmu, kuma wanda ke riƙe da ƙofa yana da ta cewa a kan abin da za mu saya, har ma da irin mutanen da muke son zama. Matashin da bai san masu ƙofofin nan ba, zai daɗe yana rawa bai san makaɗin ba.

Mu buɗe wayar mu gani

Ɗauki wayarka, mai karatu, mu bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Idan ɗaya ce daga cikin ukun da na ambata, akwai yiwuwar ka same ta da Boomplay a ciki tun daga kwali. Boomplay ta fito ne daga gidan Transsion. Manhajar shiga intanet ta Phoenix ma tasu ce. Cajar Oraimo da abin sa wa a kunne da ka saya daban, nasu ne. Carlcare da kake kai gyara, nasu ne. PalmPay da ta shigo Najeriya a 2019, Transsion na cikin manyan waɗanda suka zuba mata jarin farko. Ka ga kenan wanda ya ƙera wayar yana da hannu a waƙar da za ta fara faɗo maka, da labarin da zai leƙo ta saman allo, da asusun da za ka tura kuɗi.

Babbar manhajar da wayar ke gudana a kanta, Android, ta Google ce. YouTube ma Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na Meta ne: ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19. TikTok na ByteDance ne, kamfanin ƙasar Sin. Opera Mini da muka daɗe muna lallaɓa data da ita, asalinta ta ƙasar Norway ce, amma 'yan kasuwar Sin suka saye ta a 2016, kuma daga gidan Opera ne OPay ta fito a 2018. Twitter kuwa mutum ɗaya, Elon Musk, ya saye ta a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya sauya mata suna zuwa X, ya sauya dokokinta yadda ya ga dama.

Ko talabijin ɗin falo bai tsira ba. StarTimes kamfanin Sin ne. MultiChoice mai DStv da GOtv, da tashar Africa Magic Hausa, ya koma ƙarƙashin Canal+ na Faransa a 2025. Arewa24 da iyayenmu mata ba sa wasa da ita, an buɗe ta a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, kafin daga baya ta tsaya a matsayin kamfani mai zaman kansa.

Ƙirga gumakan manhajojin da ke allonka. Za su iya kai talatin ko arba'in. Ƙirga masu su, da ƙyar ka cika yatsun hannu biyu.

Daren da muka gane

Wanda yake Kaduna a 2021 ba zai manta da ranar Litinin, 4 ga Oktoba ba. Bayan la'asar WhatsApp ya tsaya cak. Muka koma Facebook, shiru. Muka leƙa Instagram, shiru. Mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka cire layi suka mayar, wasu har suka sake sayen data suna zaton tasu ce ta ƙare. Abin ya ɗauki kusan awa shida, sai wajen ƙarfe 11 na dare aka fara dawowa. Matsala ɗaya ce a na'urorin kamfani ɗaya, ta rufe ƙofofi uku a duk duniya.

A sauran ƙasashe mutane sun ruga Twitter suna ba'a. Mu a Najeriya ba mu da wannan damar sai da dabara, domin gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter tun farkon watan Yuni, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai 13 ga Janairun 2022. A daidai wannan lokacin kuma an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. A dare ɗaya muka ga iyakarmu ta fuska uku: kamfani na iya faɗuwa, gwamnati na iya toshewa, layi na iya ɗaukewa. Mai sayar da atamfa da ke jiran hoton shaidar biya, da telan da ke jiran awo, da ɗalibin da ke jiran sanarwar aji, duk suka zauna riƙe da waya kamar an ba su ajiyar dutse.

Da ma can akwai masu su

Wani zai ce, to yau aka fara? Gaskiya ne, kafafen yaɗa labarai ba su taɓa zama marasa iyayen gida ba, kuma Kaduna ta fi kowane gari a Arewa sanin haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, hukumar mulkin mallaka ce ta kafa ta. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna gwamnatin Sardauna ce ta buɗe shi a 1962 don Arewa ta samu muryarta. New Nigerian ta fara fita a ranar 1 ga Janairun 1966, ita ma ta gwamnatin Jihar Arewa. Daga baya 'yan kasuwa suka shigo: DITV, da Weekly Trust da ta fara a nan Kaduna a 1998, da Freedom Radio da ta taso daga Kano a 2003, da Liberty. Kowace da mai ita, kowane mai ita da abin da yake so da wanda ba ya so.

Amma akwai bambanci guda uku da nake ganin sun isa a tsaya a kansu.

Na farko, iyayenmu sun san mai abin. Idan Rediyon Kaduna ya faɗi magana, dattijon da ke sauraro a Kawo ko Unguwar Shanu ya san bakin wa ya ji, sai ya auna ta da wannan ma'aunin. Ofishin New Nigerian na nan kan titin Ahmadu Bello, wanda aka ɓata wa rai yana iya hawa mota ya je ya nemi edita. Yau wa za ka nema?

Na biyu, da abu ɗaya kowa ke ji. Labaran ƙarfe bakwai guda ne ga mai kuɗi da talaka, don haka idan an yi ƙarya za a taru a gane ta. Yanzu ni da ƙanena muna kwana ɗaki ɗaya, amma abin da TikTok ke nuna masa daban, nawa daban. Kowa an yanka masa duniyarsa daidai wuyansa, kuma kowa na zaton tasa ce duniyar.

Na uku, rediyo ba ya sauraronka. Waya kuwa tana lura da inda ka tsaya, da daƙiƙa nawa ka yi a kan bidiyo, da abin da ka nema da tsakar dare. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga talla yake fitowa. Abin da yake sayar wa masu talla shi ne hankalinka da bayanan da ke nuna wane ne kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Daga aljihu zuwa zuciya

Ga yadda abin ke aiki a aikace. Manhajar ba ta san alheri ko sharri ba, abin da aka gina ta a kai shi ne ta riƙe ka. Duk abin da ya sa ka daɗe, za ta ƙaro maka irinsa. Masu yin bidiyo sun gane haka, sai su ma suka bi. Masu talla suka bi masu bidiyo. Mu kuma muka bi su duka zuwa kasuwa.

Dubi biki. Shekaru kaɗan da suka wuce, kamu da wuni da ɗaurin aure da kai amarya sun wadatar a yawancin gidajen unguwarmu. Yanzu akwai hotunan kafin aure, da liyafar ƙawaye, da mai kwalliya ta musamman, da mai ɗaukar bidiyo don Instagram kawai, da anko kala uku. Ba wanda ya kafa doka. Hotunan bikin 'ya'yan manya na Abuja da Kano ne suka yi ta zarya a idon yarinyar da mahaifinta ɗan fansho ne, har ta fara jin cewa nata bikin ba biki ba ne in babu su. Bashin da za a ci kuwa ba ya fitowa a hoto.

Dubi fuska. Yawancin matatan hoto da ke cikin manhajojin nan suna haska fata, su rage hanci, su goge tabo. Yarinya ta saba ganin kanta a haka sau hamsin a rana, sai madubin ɗaki ya fara ba ta haushi. Tana gama wannan sai ga tallan man shafawa mai sa haske ya faɗo, daga bakin wata da take bi take kuma sha'awa. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan illar mayukan bilicin ga fata da ƙoda, amma gargaɗin hukuma sau nawa yake zuwa allonki, tallan kuma sau nawa?

Dubi samari. Tallan caca ta ƙwallo, da manhajojin bashi na minti biyar, da masu alƙawarin arziki da kuɗin intanet, duk sun san shekarunka da garinka da irin wayarka. Ba kuskure ba ne da suke samunka a ƙarshen wata.

Dubi fim da waƙa. Da kasuwar faifai ta mutu, Kannywood ta koma YouTube, kuma YouTube na da sharuɗɗansa: sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai bidiyo ya kai minti 8 kafin a sa talla a tsakiyarsa, kuma kashi 55 cikin 100 ne na mai tasha. Wannan lissafin na cikin abin da ya sa fim mai kashi ɗaya da biyu ya ba da wuri ga shiri mai dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Wasu daga cikinsu sun yi kyau ƙwarai. Amma kowa ya ga yadda ake jan labarin da zai ƙare a mako goma har ya shekara biyu. Mawaƙa kuma da yawa yanzu suna gina waƙa ne a kan 'yan daƙiƙoƙin da za a yi rawa da su a TikTok. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayar ita ce, adabin Hausa na wannan zamani, wa ke yanka masa tsawo da faɗi?

A ba su haƙƙinsu

Zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan. Transsion ya yi abin da manyan kamfanoni suka raina: ya kawo waya mai layi biyu, mai batirin da ke jure rashin wutarmu, mai kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, a farashin da ɗan acaba zai iya. Ba don haka ba da miliyoyinmu ba su shiga intanet ba. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016. Matan aure da yawa a Unguwar Dosa da Badarawa da nan Kanawa suna ciyar da gida da cinikin turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp ba tare da sun biya hayar shago ba. Malamai na karantarwa, matasa na koyon gyaran waya da ɗinki a YouTube, kuma lokuta da dama labarin harin da aka kai wani ƙauye ta waya yake fara fitowa kafin kowace jarida. Yaron da ba shi da kowa a gidan rediyo yau yana iya tara masu sauraro dubu ɗari.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai rumfar da aka ba ka kyauta a kasuwar wani, ranar da ya ga dama zai ɗaga ta. Wata 'yar'uwata ta shekara uku tana tara masu saye a wani dandali, ta wayi gari an rufe shafin. Ba a gaya mata laifinta ba, ta cike fom ɗin ƙorafi har ta gaji, amsa ɗaya ke dawowa, ita ma na'ura ce ta rubuta. Ba ta da lambar ko mutum ashirin daga cikin masu sayenta. Da ta zo tana ba ni labari cewa ta yi, "Yaya, ashe gini na yi a filin aro."

Ko ƙasa ma ba ta tsira daga wannan ba. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan dogon bincike, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba da kuma ba su kariyar da ba ta kai ta wasu ƙasashe ba. Kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Meta ya musanta laifin, kuma a takardun da ya shigar kotu ya nuna cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: kamfani ɗaya na da ƙarfin da zai yi wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 barazana da tafiyarsa, kuma barazanar ta tsorata mu, domin abincin mutane da yawa na ciki.

Abin da ke hannunmu

Ba zan ce ka jefar da wayarka ba, ni ma da ita na rubuta wannan. Amma akwai abubuwan da ba sa bukatar izinin kowa.

Kafin ka sauke manhaja, duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunanta a Play Store, ka neme shi ka ga na wa ne. Minti biyu ya isa. Manhajojin da ka tarar a waya ba ka nema ba, waɗanda ke cika maka allo da labaran ban mamaki, shiga saiti ka kashe sanarwarsu, wadda za ta ciru ka cire ta. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, duk tallan da ya buɗe kansa a wayarka da kuɗinka ya buɗe.

A cikin saitin waya, sashen Google, akwai wurin talla inda za ka iya goge lambar da masu talla ke bin sawunka da ita. A Facebook da Instagram, taɓa ɗigo ukun da ke saman kowane talla, za a nuna maka dalilin da ya sa aka kawo maka shi. Karanta ko sau ɗaya ne, za ka sha mamakin abin da aka sani a kanka. A TikTok, danne bidiyon da ba ka so ka nuna ba ka da sha'awarsa, kar ka tsaya kallo kana tsaki, domin tsayuwar taka ƙuri'a ce.

Idan kina sana'a, ki mallaki littafi, na takarda, mai sunaye da lambobin masu sayenki. Ki kasance a dandali fiye da ɗaya, kuma ki tuna Instagram da WhatsApp da Facebook gida ɗaya ne, ba uku ba. Idan kana yin bidiyo ko waƙa, ajiye asalin aikinka a wurin da kai ke da mabuɗi.

Labari kuma, kar ka bar wa manhaja ta zaɓa maka shi duka. Zaɓi kafofi biyu ko uku da ka san masu su da inda suka karkata, ka riƙa zuwa da ƙafarka. Ka ji gidan gwamnati, ka ji na 'yan kasuwa, ka ji na waje, ka haɗa ka auna, yadda iyayenmu ke juya akalar rediyo daga Kaduna zuwa Landan zuwa Jamus kafin su yanke hukunci. Idan wani matashi ya buɗe jarida ko tasha ta Hausa mai aiki da gaskiya, tallafa masa ko da naira ɗari biyar ce. Kafar da masu karatu ba sa biya, mai talla ko ɗan siyasa ne zai biya ta, kuma shi za ta yi wa aski.

Sannan mu san cewa muna da doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, da neman a goge, da ƙin a yi amfani da bayananka wajen turo maka talla. Doka ba ta aiki idan masu ita ba su san da ita ba. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'a a Kaduna ta Arewa, a cikin tambayoyin da za mu yi musu har da wannan: me kuka yi don kamfanonin nan su buɗe ofishin ƙorafi da ɗan Najeriya zai samu mutum ya yi magana da shi, da Hausa in ya so?

Ƙanena dai har yanzu yana nan da Infinix ɗinsa, kuma har yanzu yana cewa ta fi Tecno. Ban hana shi ba, wataƙila ma ta fi ɗin. Amma jiya na ji shi yana tambayar mai POS ɗin layinmu ko ya san masu kamfanin na'urar da ke hannunsa. Mai POS ya ce bai sani ba, shi dai ciniki yake yi. Ƙanena ya ce, "To bari mu duba." Suka sunkuya su biyu a kan waya suna nema.